Shayin Mai Zuba Jari

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da ya tsufa a sana'ar zuba jari. Matasa ke zuwa ofishinsa da sabuwar dabara, aljihu wayam. Ya ba su jari su kafa kamfani, shi kuma ya karɓi kasonsa. Wannan halal ne. To ina ɓarnar take?

Da zarar kamfani ya tsaya da ƙafarsa, sai ya bi sauran masu kaso ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, ya shawo kansu. In ya gama ƙulle-ƙullensa, sai ya kira wanda ya kafa kamfanin. Kullum masinja ke zuba shayi a ofishin nan. Amma ranar korar mutum, shi da kansa yake tashi ya zuba, ya miƙa da hannu biyu yana murmushi. Wai shi mai tausayi! Har abokan sana'a suna tsokanar juna: "In tsohon nan ya zuba maka shayi, fara tattara komatsanka."

Akwai wata baiwar Allah da ta ƙera na'urar tace ruwa, ƙuruciyarta duk a nan ta ƙare. Ita ma ya zuba mata. Ba ta sha ba. Ta ce, "Uba na ɗauke ka. Allah ya isa."

Ya yi dariya, ya ce kasuwa ba ta san uba ba. Babban ɗansa, wanda yake koya wa sana'ar, wanda ya fi so duk duniya, yana zaune yana ji.

Shekaru suka ja. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa. In ya shigo ɗakin taro sai a yi tsit. Masu kiransa a waya suka ɗauke ƙafa. Kuna tsammanin bai gane ba? Wa ya fi shi sanin wannan shirun? Amma ya ce wa zuciyarsa, ai ɗana yana nan.

Wata safiya aka kira taro. Masinja ya shigo da tire, sai ɗan ya ce masa, "Ajiye, je ka." Ya tashi, ya zuba, ya miƙa da hannu biyu yana murmushi.

"Baba, ga shayi."

Kofin bai kai bakin tsohon ba. A kan kujerar nan rabin jikinsa ya shanye. Yau yana kwance, baki a karkace, ko ruwa aka miƙo masa da hannu biyu sai ya fashe da kuka.

Ya 'yan uwa, ba a cin amana a kwana lafiya. Kukan wanda aka zalunta ba shi da shamaki, kuma abin da ka yi a gaban ɗanka, karatu ka ba shi. Wa kake shirin zuba wa shayi?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa mu gama da duniya lafiya.