Koren Kwanon Ɗan Fari

A zaman makoki aka ba da labarin nan, ranar uku bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ragu tabarmi suka yi fili. Dattijon da ya ba da shi ya tura takalminsa gefe, ya ce a saurara, in ya kai ƙarshe sauran maganar ta jama'a ce.

A Rafin Kanya an yi wani mutum, Ɗahiru, ɗan fari ne a wurin uwarsa, Inna Tabawa. Kun san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In an gama abinci sai ta ce, "A miƙa wa wancan." In ya faɗi ya fasa gwiwa kakarsa ce ke ɗaukarsa, ita kuwa ta juya baya tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Ɗahiru ya girma ya san kunya ce, amma sanin bai hana shi jiran ranar da zai ji sunansa a bakinta ba.

Ya yi karatu ya zama malamin lissafi. Da aiki ya ƙi samuwa a gida, sai ya ji ana neman malami a wata makarantar mishan a ƙasar Kamaru, can gaba da Garwa. Ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da 'ya'yan mutane. In an buga ƙararrawa ɗalibai sun shiga coci, shi sai ya zauna gyaran takardunsu, in lokacin salla ya yi ya shimfiɗa buzunsa a bayan aji. Babu wanda ya taɓa hana shi. A can ya auri Ramatu, sai dai haihuwa ta yi musu jinkiri.

A shekararsa ta biyu magana ta iso gida cewa Ɗahiru ya bar salla, har an sauya masa suna. Baffa Maikano, ƙanin ubansa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar uban, ya ce ba zai ƙara taka musu zaure ba. Ɗahiru ya aiko wasiƙa uku, ba amsa. Ya zo da kansa, aka tsayar da shi a ƙofa kamar mai talla. Ya ɗaga murya ya yi sallama yadda na cikin gida za su ji. Inna ba ta fito ba. Ya koma Kamaru bai san ko kunya ce ta riƙe ta ko fushi ba, kuma wannan rashin sanin ya zauna masa a ƙirji shekara da shekaru.

To, a farkon wata damina Inna Tabawa ta kwanta ciwon da ba a tashi. Ba ta nemi kowa ba. Abu ɗaya take faɗa kullum da safe in an dama kunu: "A zuba a koren kwanon nan, a rufe a ajiye." Ba ta sha, ba ta bari a sha. Matan gida suka ce zafin ciwo ne.

Mamuda, ƙanin Ɗahiru, shi ya dubi kwanon da kyau. Kore ne, bakinsa ya ɓantare a gefe guda, kuma ya tuna wanda ya ɓantare shi suna yara. Ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Inna, in je in zo da shi?"

Ta juya fuska bango ta ce, "Ni na aike ka?"

Mamuda ya tashi ya ɗauki jakarsa. Lokacin noman farko ne, ciyawa na tsere da gero a gonarsa, kuma ya san in ya tafi ita za ta ci. Baffa ya ce in ya fita neman wancan, to ya nemi wani baffan. Ban da wannan, shekara tara ke nan Mamuda ne babba a ɗakinsu, shi ake tambaya, shi ake ba wa kan rago, ya kuma san dawowar yayansa za ta mayar da shi ƙani. Duk da haka ya tafi, babu abin da ke hannunsa sai tsohon ambulan na wasiƙar Ɗahiru mai tambarin Kamaru. Kwana shida yana tambaya cikin harshen da ba ya ji, wani wurin a mota, wani wurin a ƙasa. Da ya iso makarantar ƙafafunsa sun kumbura, zazzaɓi na kaɗa shi. Ya jingina da ƙofar aji ya ce, "Yaya, kwanonka ake cikawa kullum da safe." Allin da ke hannun Ɗahiru ya faɗi. Mamuda kuwa bai ƙara iya miƙewa ba sai bayan mako biyu.

Sai dai jin labari daban, isa gida daban. Ruwa ya cinye gadar babbar hanya, 'yan tasha suka ce mota ba za ta wuce ba sai an kwana goma. A makarantar akwai direba, Istifanus, mai yawan barkwanci, wanda kullum ke tsokanar Ɗahiru cewa ya iya raba dubu gida bakwai amma bai iya hura taya ba. Saura kwana uku a ɗaura auren 'yarsa ta fari a coci, shi ne kuma zai riƙe hannunta ya kai ta gaba. Ya dubi Ɗahiru tsaye da jaka a bakin tasha, ya je gida ya turo babur ɗinsa.

"Malam, lissafi naka ne, hanya tawa ce. Hau."

"Bikin fa?"

"Yarinya tana da kawunnai. Kai uwa nawa gare ka?"

Suka bi burtalin shanu da hanyoyin da Istifanus ya sani tun yana yaron mota. Kwana biyu cikin taɓo, inda babur ya ɗauke su ya ɗauke su, inda ya gaza su suka ɗauke shi. A kogi na ƙarshe suka sa shi cikin kwalekwale, a tsakiyar ruwa kwalekwalen ya kife. Ɗahiru bai iya ruwa ba. Istifanus na da hannu ɗaya a kan babur, ya sake shi ya cafko wuyan rigar Ɗahiru, ya ja shi har gaɓa. Babur ya tafi, shi kaɗai ne abin da Istifanus ya mallaka mai daraja. Da Ɗahiru ya gama amayar da ruwa, Istifanus ya ce, "Ka ga, yanzu ba sai ka koyi hura taya ba."

Suka ƙarasa da ƙafa. Da rufin gidajen Rafin Kanya ya bayyana, Istifanus ya ratse gindin wata tsamiya ya zauna. Ya ce, "In suka gan ka tare da ni sun sami shaidar da suke nema. Shiga, ina nan."

Ɗahiru ya isa ƙofar gida da hantsi, rigarsa ta bushe da laka. Baffa Maikano na zaune a bakin zaure da dattawan unguwa masu zuwa dubiya. Ya miƙe ya tare ƙofa da sandarsa. Ɗahiru ya gaishe shi, ya yi kalmar shahada a gaban kowa. Baffa ya ce, "Wannan kowa na iya faɗa. Wanda ba ya ƙarya ne ya gan ka da idonsa." Daga cikin gida ana jin matan sun fara salati ƙasa-ƙasa, irin wanda ake yi in numfashi ya soma nisa.

A cikin dattawan akwai Malam Sabi'u, abokin Ɗahiru na ƙuruciya, wanda a lokacin shi ne na'ibin liman. Liman ya tsufa, kowa ya san Sabi'u ne zai gaje shi. Shi ne kuma mutumin nan da ba ya ƙarya. Babu wanda ya tambaye shi komai, da ya yi shiru da babu mai sani har abada. Ya miƙe, ya warware rawaninsa ya ajiye a gaban Baffa.

Ya ce, "Baffa, benci na gani. Na je fatauci can, na hango shi yana fitowa daga cocinsu da benci a ka, yara na biye da wasu bencinan, za su kai aji. Ban ko gaishe shi ba. Na dawo na ce na gan shi yana fitowa daga coci, na bar bencin a cikina. Maganar ta yi girma a bakin mutane, ni kuma na ga tana ƙara mini daraja, sai na ƙyale ta. Shekara tara ina shiga gaban sahu da wannan."

Baffa ya daɗe yana duban rawanin, sa'an nan ya janye sandarsa. Tun daga ranar ba a ƙara tura Sabi'u gaba a masallaci ba, shi ma bai nema ba.

Ɗahiru ya shiga. Ɗakin na warin magani da hayaƙin turare, ita kuma ta ƙanƙance a kan gado har ya kusa rasa ta cikin mayafi. Ya durƙusa ya ce, "Inna." Ba ta buɗe ido ba. Ta ce wa matan, "A ba shi kwanonsa." Kunun ya huce ya yi kauri, ya kafa kai ya shanye. Da ya ajiye ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Me ka yi mini? Ranar da ka zo ina bayan ƙyaure, na ji sallamarka." Sai ta lalubo hannunsa ta ce, "Ɗahiru." A hankali ta faɗa, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo. Ta sake faɗa sau ɗaya. Kafin azahar ta cika.

Da aka dawo daga maƙabarta Ɗahiru ya je gindin tsamiya da kansa ya riƙo hannun Istifanus, ya shigo da shi ta tsakiyar gari, ya zaunar da shi a tabarmar makoki kusa da Baffa.

Ɗahiru bai koma Kamaru ba. Bayan wata biyu Mamuda ya iso da Ramatu da cikinta tsoho, ya tarar gonarsa ta zama daji. Ba a jima ba ta haifi namiji, na fari bayan dogon jira. Ɗahiru ya ɗauki yaron ya ce shi abu ɗaya ya nema a duniya, ya kuma samu a bakin uwarsa, don haka zai sa wa ɗansa sunan wanda ya kai shi ga jin wannan. Ramatu ba za ta kira sunan ba, ɗan fari ne, amma gari duka zai kira shi har yaron ya tsufa.

A nan Ɗahiru ya tsaya, don suna ɗaya ne, mutum uku. Ba don Mamuda ba, da kwanon ya yi ta cika ana zubarwa, amma wasu sun ce ai uwarsa ce shi ma, abin da ya wajaba a kansa ya yi. Ba don Istifanus ba, da Ɗahiru na tasha ko yana ƙarƙashin kogi, shi da ba dangi ba ba addini ɗaya ba. Sai dai an ce babur ana sake saye, 'yarsa kuma ta yi aurenta lafiya. Sabi'u kuwa, da bai miƙe ba da wahalar mutum biyun nan ta ƙare a bakin zaure, taku goma tsakanin ɗa da uwa. Shi ya kulle ƙofar, gaskiya ne. Amma shi kaɗai ne abin da ya bayar ba zai dawo ba.

Dattijo ya jawo takalminsa ya ce, kada wani ya fake da cewa Istifanus Kirista ne, Ɗahiru ya riga ya ce wannan ba ya cikin lissafinsa. An ɗaure rago, wanzami ya wasa aska, gobe da safe liman zai tambayi uban yaro. To, ku da kuke zaune, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?