Masuncin Da Ya Yi Su Da Gidan Sauro

An yi wani mutum, masunci ɗan masunci, a wani gari da ke bakin babban kogi. Dogo ake ce masa, ko da yake ba shi da wani tsawo. Kakarsa ce ta laƙaba masa tun yana goye, wai ko Allah zai sa ya miƙe. Bai miƙe ba.

A bayan garin akwai tafkuna da ba sa ƙafewa, kowane gidan masunta da nasa. Na Dogo, wanda ya gada wajen mahaifinsa, ya fi na kowa. Ciyawa ta kewaye shi, a nan karfasa ke share 'yan ramuka ta zuba ƙwai. Ni da idona na ga uwar karfasa ta kwashe 'ya'yanta a baki da ta ga inuwar tsuntsu. Da tsuntsun ya wuce ta tofo su duka, ko ɗaya ba ta haɗiye ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Kifi fa, wanda ko hannu ba shi da shi!

Wata shekara kamu ya ragu. Masunta suka taru a rumfar da ake ɗinkin koma, don su tsayar da abin da za a fara gyarawa, tunda ƙarfinsu bai kai su yi komai a lokaci guda ba. Wani ya ce a sa wa jirage inji. Wani ya ce a gina ɗakin ƙanƙara. Wani ya ce hanyar mota ce farko. Ana cikin hayaniya sai wata tsohuwa mai banda ta ɗago kai daga cikin hayaƙinta.

Ta ce, "Ku 'ya'yan nan, me za ku zuba a ƙanƙarar? Ƙafafunku? Ku fara da kifin, sauran duk bayansa suke."

Aka yi dariya, aka kuma ga gaskiyarta. Suka yanke cewa wata uku na zuba ƙwai ba mai taɓa bakin ciyawa, kuma komar da yatsu uku ba su shiga idonta ba, ba za ta shiga ruwa ba. Inji da ƙanƙara su jira. Kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Har da Dogo.

Ya 'yan uwa, ɗaga hannu abu ne mai sauƙi.

Ba a daɗe ba wani mai haɗa abincin kaji ya zo gari, yana sayen busassun 'ya'yan kifi buhu-buhu. Dogo ya koma gida ya kwance gidajen sauron iyalinsa guda huɗu, ya zauna yana haɗa su da allura.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu kuma sauro ya cinye mu?"

Ya ce, "Kin taɓa ganin wanda sauro ya cinye duka? Ai yana ragewa."

Da rana tsaka, lokacin da kowa ya nemi inuwa, sai ya shiga tafki ya ja. Ba abin da ke kuɓuce wa gidan sauro. Ƙwai, da 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa, da talibamban, wato 'ya'yan kwaɗi, duk yana kwasowa. Jan da yake yi kuma yana tuge ciyawa har saiwa. Ya shanya su a bayan gida, tabarma bayan tabarma, suna ƙyalli kamar an watsa azurfa.

Ƙanensa ya same shi a bakin ruwa ya ce, "Yaya, wannan ai ba su ba ne, shara ce."

Ya ce, "Tafkin ubana ne."

Ƙanen ya ce, "Ubanmu dai. Shi kuwa bai taɓa yi masa haka ba."

Dattawa suka kira shi, ya ce ya ji. Washegari ya koma.

Shekarar farko ya yi sabon rufi, ya sayi babur. Ta biyu buhunan suka ragu. A ta uku, zalɓen da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya a bakin tafkin tun zamanin mahaifinsa ya tashi ya koma na maƙwabta. Tsuntsu ya riga mai tafki sani. Ruwan ya yi kore, ya soma wari, kwaɗi suka gaje shi. Sauro ya yi yawa, domin ƙananan kifin da ke cinye 'ya'yansa babu su, gidajen sauro kuma sun yage a cikin laka. Zazzaɓi ya riƙa zagaya ɗakunan gidan, har matar ta kwashi 'ya'yanta ta tafi wajen iyayenta.

Dogo ya sa rai ga ambaliya. Ta zo da kifi, amma ina za su fake? Ina za su zuba ƙwai? Da ruwa ya janye suka bi shi. Ya sayar da babur, ya sayar da jirgi, har filafilin da mahaifinsa ya sassaƙa.

Sauran tafkuna kuwa, alhamdu lillahi, sun farfaɗo. Tarwaɗa ta yi ƙiba, karfasa ta kai faɗin tafin hannu biyu. Daga baya aka sayi injin, aka gina ɗakin ƙanƙarar, aka kuma sami abin zubawa a ciki. Nakan zauna a rumfar da yamma ina kallon jirage suna dawowa da nauyi, raina fari ƙal.

Rannan na ga Dogo a kasuwa. Ya ja hula ya rufe goshi, yana tsugune gaban wata mai kifi yana taya kan tarwaɗa. Masunci ɗan masunci, yana taya kan kifi!

Ya 'yan uwa, wa ya yi masa wannan? Ba ɓarawo, ba gobara. Allah ya ba shi amana, ya ci ta tun tana ƙwai. Ya karya alkawari, ya yi ɓarna, Allah kuwa ba ya son maɓarnata. Abin da ke hannunka ba naka ne kai kaɗai ba, akwai rabon waɗanda ba a haifa ba tukuna a ciki. Kuma duk aikin da za ku yi, ku zauna ku san na farko, ku bar na biyu ya jira lokacinsa.

Allah ya kiyaye mu da haɗama, ya tsare hannuwanmu daga cin rabon jikokinmu. Amin.