Hutun da Na Riƙa Gogewa

Ina da shagon ɗinkin kayan makaranta, teloli tara da mai yanka ɗaya, kuma ina da wani hali da na daɗe ina yi wa kallon iya shugabanci. Ma'aikacin da ya cika ƙorafi, lallaɓa shi nake yi. Wanda kuwa bai iya cewa a'a ba, shi nake jibga wa kaya. Ban taɓa zagin kowa ba, ban taɓa danne wa kowa hakkinsa ba, don haka a ganina babu uwar ɗakin da ta kai ni kirki.

Mai yankan nan dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kowa a shagon Kawu yake ce masa, har da ni. Teburinsa na can ƙarshen ɗaki kusa da taga, kullum da alli a bayan kunnensa, tef ɗin awo rataye a wuya. Duk abin da telolin za su ɗinka sai ya bi ta bakin almakashinsa. In ya tsaya, kekuna tara sun tsaya. Wannan iyawar ce ta jawo masa.

A jikin bango muna da allo da ake rubuta lokacin hutun kowa, mako biyu a shekara. Telolin nan tun da sauran wata guda suke fara cika mini kunne da zancen nasu, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai sun tafi. Shi kuwa Kawu, da nasa ya matso sai in je gefen teburinsa in marairaice.

"Kawu, ka ga makarantu sun kusa komawa. Ko za mu ɗan matsar da naka zuwa wata mai zuwa?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Hajiya. Hutun ai ba gudu zai yi ba."

Ni kuma in sa yatsa in goge sunansa, in mayar da shi gaba. Shekara uku ina wannan gogewar. Sau ɗaya ya roƙe ni in ba shi ɗaya daga cikin telolin ya koya masa yanka, ko ya samu mai karɓarsa. Na ce yadi ba abin wasa ba ne da za a ba ɗan koyo. Gaskiyar maganar ita ce, ba na son ganin keke ko ɗaya a rufe.

Alamu sun zo, kuma na gan su da idona. Mutumin da in ya ga kwalar riga a karkace yakan tambayi telan ko a kan babur ya ɗinka ta, sai ga shi ya yi tsit daga safe har a tashi. Abinci a tsaye yake ci. Nakan hango shi yana yarfe hannun dama, wani lokaci ya tsoma shi cikin ruwan ɗumi ya koma aiki. Wata tsohuwa da ke sa mana maɓalli, Inna muke ce mata, ita ta tare ni a bakin ƙofa.

"Hajiya, Kawu fa ya gaji. Jiya yadi ɗaya sai da ya auna shi sau uku."

"Haba Inna," na ce ina dariya, "Kawu ai ƙarfe ne, duk ya fi ku ƙwari."

Washegari na saya masa sabon almakashi, har ina jiran a yaba mini.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Wata tela ta ɗaga hannun riga tana juya shi, ta ce wannan ko ƙanenta na goye ba zai shiga ba. Ashe Kawu ya yanka hannayen riguna sittin na manyan ɗalibai da awon 'yan aji ɗaya. Raina ya ɓaci, na taka har teburinsa, a gaban kowa na ce, "Kawu, in tsufa ne ya kama ka ai sai ka faɗa!"

Kekuna suka tsaya. Kawu ya kai hannu zai ɗauki almakashi, almakashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya sake gwadawa, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, hannun ne ya ƙi."

Bayan mako guda na je gidansa. Ina jin kunyar faɗa, amma ba dubiya kaɗai ta kai ni ba, so nake in ji yaushe zai dawo. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni ciki-ciki.

"Likita ya ce jijiyar ta daɗe tana kuka," in ji ta. "Ya ce da ya huta tun bara, da ta warke. Yanzu ko an yi magani, shi da almakashi sai kallo." Ta gyara zama. "Sau uku ina haɗa mana kaya za mu je ganin 'yarmu, sau uku ina kwancewa. Kullum sai ya ce Hajiya ta roƙe shi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ga Kawu ya fito, hannun a naɗe, yana kokawar gyara hularsa da hagu. Tun kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Hajiya, don Allah ki yafe mini yadin nan da na ɓata miki. Shekara talatin ina yanka, ban taɓa yin irin wannan ba."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na ce masa ni ce mai laifi, na faɗa na maimaita, amma bai yarda ba. Har ya rako ni bakin ƙofa yana ba ni haƙuri. Bai sake riƙe almakashi ba. Yau mutum biyu ke yanka a shagona, kuma wanda lokacin hutunsa ya yi, ko ya ce ba ya so sai ya tafi. Sai dai duk wannan gyaran bai mayar wa Kawu hannunsa ba.

Darasin da nake so duk mai ma'aikata ya ɗauka shi ne, hutu hakki ne, ba alfarma ba ce da za a roƙi mutum ya yafe. Ka fi sa ido a kan wanda ba ya ƙorafi, domin shi ne zai yi ta ɗauka har ya karye bai faɗa maka ba. Kada aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ka koya wa wani tun da wuri. In kuma ka ga alamar gajiya a jikin ma'aikacinka, ka sallame shi ya huta tun hutun yana da amfani.