Ayun Sarkin Ruwa Barmo

Ku gyara zama, ga wata magana daga bakin kogi, sai ku yi mata alƙalanci.

A wani ƙauyen masunta can ƙasar Yawuri, an yi wani dattijo, Sarkin Ruwa Barmo. Da ƙuruciyarsa ayu, manyan dabbobin ruwan nan masu cin ciyawa, garke-garke suke kiwo a kogin, amma mafarauta masu neman mansu suka ƙarar da su, sai uwa ɗaya da ɗanta suka rage. Barmo ya hana a taɓa su. Da ganinsa ya raunana, kullum da hantsi sai ya sa a kai shi gaɓa, ya zauna yana tambayar masunta ko sun gan su.

Wata shekara ruwa ya janye da wuri, aka daina ganin ayun. Barmo ya daina cin abinci. 'Ya'yansa uku suka ga tsohon yana ramewa, hankalinsu ya tashi.

Tabawa, babbarsu, mai bandar kifi ce. Ta kashe wutarta, ta bi gaɓa tana duba inda aka ci ciyawa, har ƙaya ta farfasa mata ƙafa. A wani gurbi da ya yanke daga kogi ta ga hanci biyu sun ɓullo. Uwar ta rame, ɗan yana manne da ita. Tun daga ranar Tabawa ke ɗauko musu ciyawar burugu a ka, safe da yamma.

Labari ya kai kunnen mafarauta, suka zo da zago, mashinsu na ruwa. Jatau, ƙanen Tabawa mai bi mata, ya shiga gurbin har wuya, ya tsaya tsakaninsu da ayun.

Ya ce, "Ku yi wa Allah ku bari. Tana shayarwa."

Wani mai zafin kai ya jefa zago, ya sami Jatau a kafaɗa. Ganin jinin mutum, suka watse. Har yau hannun ba ya ɗaga taru.

Amma gurbin kullum ƙafewa yake, kuma abin da ke tsakaninsa da kogi gonar albasar Nomau ce, autansu, ga ta ta kusa cira, ita ce abincin iyalinsa na shekara. Nomau bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki galma ya tsaga gonar, ruwa ya shigo ya cinye ta, uwa da ɗa suka bi hanyar suka koma kogi.

Aka riƙo hannun Barmo zuwa gaɓa. Ya kasa kunne, sai ya ji numfashi mai nauyi a kan ruwa, ƙarami na biye da shi. Hawaye suka jiƙa masa gemu. Ya ce, "Tabawa, akwai sauran fura?"

Da ya sha, ya sa aka ɗauko filafilin kakanninsa na tuƙa jirgi, wanda mai tsaron kogi kaɗai ke riƙewa. Ya shafa ƙafar Tabawa, ya shafa kafaɗar Jatau, ya riƙe tafin Nomau da ya yi kanta.

To jama'a, filafili ɗaya ne, kuma ba ya rabuwa. A hannun wa tsohon nan zai sa shi?