Ranar da Ishbel Ta Karɓe Makulli a Hannun Yayanta

Akwai wata mata a nan garinmu Inverness mai suna Ishbel Gillies, wadda ta shekara goma sha tara tana aikin jagorar baƙi. Duk Litinin a lokacin bazara takan kwashi 'yan yawon buɗe ido a ƙaramar bas, su yi kwana biyar a hanya. Sukan zagaya tsofaffin fadojin dutse na sarakunan da, su shiga masana'antun giyar wiski na bakin kogin Spey, sannan su gangara yamma wajen teku.

Ita ke riƙe makirufo a kujerar gaba, tana faɗin wanda ya gina wace hasumiya da wanda aka kashe a wane ɗaki. Baƙi na son ta, don bakinta ba ya gajiya, ga ta da barkwanci.

Direban bas ɗin kuwa yayanta ne, Murdo, wanda ya ba ta shekara goma. Tun da mahaifinsu ya nutse a teku wajen kamun kifi, Murdo ya bar makaranta ya kama tuƙin babbar motar kifi. Shi ya ɗauki nauyinta har ta yi aure.

Da matarsa ta rasu, ya shekara guda a gida ba ya fita. Ishbel ce ta je wurin manajar kamfaninsu, wata mata mai suna Rhona, ta roƙa a ɗauke shi aiki.

"Shekara talatin da biyar yana tuƙi, ko kare bai taɓa bugewa ba," in ji ta. "Ni na tsaya masa."

Aka ɗauke shi. Suka yi bazara biyu suna aiki tare lafiya lau.

Al'ada ce a masana'antun nan, idan baƙi suna ɗanɗana wiski, a zuba wa direba nasa a 'yan ƙananan kwalabe, a rufe, ya tafi da su gida. Murdo yakan karɓa ya yi godiya, ya jefa su cikin jakarsa.

A wannan tafiyar suna da baƙi goma sha shida. A cikinsu akwai wata dattijuwa daga Dundee, Madam Petrie, wadda 'ya'yanta suka yi mata kyautar tafiyar don ta cika shekara saba'in da biyar. Kullum tana zaune a bayan direba da sandarta, tana raba wa kowa alewa.

A rana ta biyu, bayan sun fito daga wata masana'anta, Ishbel ta sunkuya kusa da yayanta don ta gaya masa inda za su ci abincin rana. Sai ta ji wari. Ƙamshin minti ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai abin da ta sani sarai.

Ta rage murya. "Yaya, me nake ji a bakinka?"

"Me za ki ji? Awa biyu kuka yi cikin gangunan giya, duk kayanki ma warin suke."

"Kai ai ba ka shiga ba."

Ya yi dariya ya tada mota. "Auta, je ki ga tarihinki. Bar mini titi."

Ta koma ta zauna, ta ɗauki makirufo. Tana ba da labarin wani sarki da ƙaninsa ya ci amanarsa, amma idonta na kan hannayen Murdo. Tuƙinsa bai canza ba ko kaɗan, sai ta gaya wa kanta cewa hancinta ne ya ruɗe ta.

Rana ta uku suka tsaya a wata rusasshiyar fada a kan tudu. Ana yayyafi. Suna tsakiyar hawa matakala Madam Petrie ta tuna ta bar magungunanta a mota. Ishbel ta bar baƙin suna ɗaukar hoto, ta sauka ta ɗauko mata.

Murdo ba ya cikin bas, ya tafi banɗaki. Jakarsa na ƙasan kujera, bakinta a buɗe. Ishbel ba ta yi niyyar dubawa ba, amma ta gani. Kwalabe huɗu, duk babu komai a ciki.

Ta tsaya tana kallon su. Tana jin tafiyarsa a kan tsakuwa ta juya.

"Wannan fa?"

Ya dubi jakar, ya dube ta. "Na jiya ne. A ɗakina na sha bayan na ajiye mota."

"To me ya sa suke nan?"

"In bar su a otal masu shara su gani? Haba, Auta."

"Yaya, dube ni ka ce yau ba ka sha ba."

Bai dube ta ba. Ya zauna a kujerarsa yana goge gilashi da tsumma.

"Ɗaya ce," in ji shi can. "Don hannuna ya daina rawa. Ɗaya ba ta yi mini komai, ke ma kin sani. Kar ki tona mini asiri a gaban baƙi. Wannan motar ce kaɗai ke fitar da ni daga gidan nan. In na rasa ta, me zan tashi in yi da safe?"

Ishbel ta ji tausayi ya rufe ta. Ta tuna yadda ta same shi bayan rasuwar matarsa, labule a sake da rana tsaka, tasoshi a tare a kicin. Ta kwashe kwalaben ta zuba a aljihun rigar ruwanta, ta je da kanta ta jefa su cikin kwandon shara.

"Daga yau shi ke nan," ta ce.

"Shi ke nan. Na yi miki alkawari."

Da la'asar suka kama hanyar yamma. Siririyar hanya ce mai cin mota ɗaya, dutse a hagu, tafki mai zurfi can ƙasa a dama. Murdo ya bi ta fiye da sau ɗari. Ya san kwanar da ake rage gudu a danna oda.

Ran nan bai rage ba, bai danna ba.

Suna shan kwanar sai ga wata mota gab da su. Murdo ya murza sitiyari hagu, madubin gefe ya daki dutse ya tarwatse. Ya sake murzawa dama, tayar baya ta sauka daga kwalta ta hau ciyawar bakin gangare. Bas ɗin ta karkata, jakunkuna suka zubo daga sama, wata mata ta yi ihu. Sannan tayar ta kama titi, motar ta miƙe ta tsaya.

Wancan direban ya wuce yana ɗaga hannu yana zagi. Ishbel ta leƙa ta taga, ta ga inda tayar ta yage ciyawa. Bai kai taku ɗaya ba tsakaninsa da gangaren.

Kowa ita yake kallo. Ta ɗauki makirufo.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Baƙin direbobi ne, ba su san hanyoyinmu ba, sai gudu. Amma kun ga muna da ƙwararre."

Wani ya fara tafi daga baya, sauran suka ɗauka. Madam Petrie ta miƙo hannu ta dafa kafaɗar Murdo.

"Ɗana, yau ka cece mu."

Murdo bai waiwayo ba. Bayan wuyansa ya yi ja.

Da suka isa masauki a Oban, tun rana ba ta faɗi ba baƙin suka taru a ɗakin cin abinci. Aka kawo miyar kifi da biredi. Kafin a fara ci sai Madam Petrie ta buga cokali a jikin kofi, ta miƙe da sandarta, ta ciro wani abu daga leda.

Babbar kwalbar wiski ce, irin wadda ta shekara goma sha takwas a ganga.

"Mu duka muka haɗu muka saya maka," ta ce wa Murdo. "Ina da jikoki bakwai. Ba don kai ba, da yanzu ana buga musu waya."

Aka sake tafi. Murdo ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya rungume kwalbar a ƙirjinsa. Ishbel ta ga yadda yake riƙe da ita. Ta ture abincinta gefe.

Sai a lokacin ta fahimci abin da ta yi. Ta ɗauki rayukan mutum goma sha shida ta ajiye a bakin rami don kada yayanta ya ji kunya. Ta yi musu ƙarya, sun yarda, har sun saya masa abin da ya kusa kashe su.

Washegari da sassafe ta riga kowa fita. Ta same shi yana zagaya bas yana duba tayoyi, idanunsa jajur, yana tauna minti. Makullin na kan kujerar direba. Ta hau ta ɗauka ta sa a aljihu.

"Me kike yi?"

"Yau ba za ka yi tuƙi ba, Yaya."

"Ba ni makullina."

"Ka buɗe kwalbar jiya?"

"Kyauta aka yi mini. In zubar?"

"Nawa ya rage a ciki?"

Ya matso kusa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ke, Ishbel. Ni kike titsiyewa? Ni da na goya ki zuwa makaranta cikin ƙanƙara? Yaushe kika girma?"

"Na san abin da ka yi mini, ban manta ko ɗaya ba."

"To ba ni. Kwana biyu suka rage. In mun koma gida zan je in ga likita, duk abin da kike so zan yi."

"Jiya ma ka yi alkawari."

"Ina roƙon ki, Auta. In kika kira ofis, kin gama da ni."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ciro waya a gabansa ta kira Rhona, ta faɗi komai. Ba ta ɓoye nata laifin ba. Ta ce ta ga kwalaben tun kafin kwanar nan, kuma da hannunta ta zubar da su.

Murdo ya tsaya yana saurare har ta gama. Sannan ya hau bas ya ɗauki jakarsa.

"Daga yau ba ni da ƙanwa," in ji shi. Ya kama hanyar tashar jirgin ƙasa a ƙafa.

Sai da aka yi awa huɗu kafin wani direba ya iso. Baƙin suka rasa jirgin ruwan da zai kai su tsibiri, ziyarar masana'anta biyu da fada ɗaya ta rushe. Ishbel ta tara su ta gaya musu gaskiya. Wasu suka yi ta faɗa, wani ya ce sai ya kai ƙara. Madam Petrie ta dube ta tana jujjuya sandarta.

"'Yata, kin sani lokacin da muke tafa masa?"

"Na sani."

"Kuma kika bar ni na miƙa masa kwalba."

Ishbel ta sunkuyar da kai. Har aka gama tafiyar dattijuwar ba ta sake yi mata magana ba.

Kamfani ya sallami Murdo. Ita ma aka dakatar da ita sauran bazarar saboda shirun da ta yi. 'Yan uwa suka rabu biyu a kanta. Gwaggonsu ta ce a gaban mutane, wai ita ba ta taɓa ganin butulci irin wannan ba. Ishbel ta je ƙofar yayanta sau uku, tana jin motsinsa a ciki, bai buɗe ba.

Shan ya ƙaru kafin ya ragu. Da sanyi ya shigo aka kwantar da shi a asibiti, ya ce kada a bar ta ta shiga. Ta zauna a kan benci a waje har lokacin ziyara ya ƙare, ta koma gida tana tambayar kanta ko ita ta jefa shi cikin wannan hali.

Haka aka yi shekara ɗaya da wata biyu. Wata Asabar da hantsi tana shanya a bayan gidanta ta ji an taɓa ƙyauren lambu. Murdo ne, ya rame, furfura ta cika masa kai. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wata bakwai ban sha ba," in ji shi. "Ina zuwa wani taro duk Laraba, na masu irin matsalata."

Ta juyo tana kallonsa, ya ci gaba.

"Akwai wani a cikinmu, shi ma direba ne da. Shi babu wanda ya karɓe masa makulli. Mutum uku suka mutu a hannunsa, har da ƙaramar yarinya. Duk Laraba ina zaune ina kallon fuskarsa. Ba zan ce na daina jin zafinki gaba ɗaya ba, Auta. Amma na san da ni ne a kujerarsa."

Ba a sake ba shi bas ba, kuma gwaggonsu ta rasu ba ta yafe wa Ishbel ba. Amma ran nan ta ajiye kwandon wanki, ta je ta buɗe masa ƙyauren da kanta, ya shigo.

Darasi: Rufa wa naka asiri alheri ne, amma ba a kan abin da zai halaka shi ko ya halaka wasu ba. Wani lokacin ƙauna ita ce ka yarda ya tsane ka yau don ya rayu gobe, kuma duk kwanan da ka ƙara kana shiru, da ran wani kake wasa. In labarin nan ya tuna maka da wani, tura shi gaba, wataƙila akwai mai jiran ƙarfin zuciyar da zai yi magana.