Maƙwabcin Sallau a Bakin Daji

Sallau manomi yana so ya gina wa amaryarsa Delu ɗaki kafin ruwan fari, a filinsa da ke bakin daji, nesa da kowane gari. Ya je ofishin filaye neman izini. Jami'in, Alhaji Bawale, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Doka ta ce sai maƙwabci ya sa hannu. Kai kuwa ba ka da maƙwabta sai birai."

"Ranka ya daɗe, ƙaton gidan nan mai jan kwano da ke gabas da filina fa?"

Gidan na Alhaji ne, a ɓoye ya gina shi ba tare da izini ba. Ya murtuke fuska.

"A takardunmu babu wani gida a wurin."

"Madalla! Ashe kwanon da ƙofofin ba su da mai su. Gobe da sassafe zan kwance su, Delu ta samu rufi."

Alhaji ya zabura har hularsa ta faɗi. "Kai, gidana ne! Taɓa ka gani!"

Sallau ya tura masa takardar a hankali. "Allah sarki, ashe kai ne. To maƙwabci, sa hannu a nan. In ka gama, sai jami'i ya buga mana hatimi a ƙasa."