Dalilin da Ya Sa Kaza Mai Kwanci Ke Fige Ƙirjinta

Dalilin da ya sa kaza mai kwanci take fige gashin ƙirjinta tsohon zance ne, kuma yara da yawa ba su ma san tana yin haka ba, don ba ta bari a ɗaga ta a duba. Amma wanda ya yi ƙarfin hali ya zura hannu ƙarƙashinta, zai ji fata ce zalla, da zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ku matso ku ji yadda aka yi.

A can da, kaji ba sa kwanci. A wani gida da ke shi kaɗai a tsallaken rafi, akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane mai suna Tasalla, ita ce ke ƙyanƙyashe musu ƙwai. Tana da wata randa mai faɗin baki, ta zuba mata ƙaiƙayin gero har rabi, ta shimfiɗa auduga a kai, ta girke ta cikin toka mai ɗumi kusa da murhu. Kaza in ta yi ƙwai sai ta mirgino shi ƙofar madafa, Tasalla ta jera a randa ta rufe da faifai. Safe da yamma tana juya su. Ba ta yarda da tafin hannunta wajen gane ɗumi ba, don yumɓu da wuta sun sa ya yi kanta. Sai ta ɗauki ƙwai ta ɗora a fatar idonta, ta san ko za ta ƙara toka ko ta rage. Ladanta kuwa, kaji su tsince mata gara daga gindin rumbu.

Kaji sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Suna yini a bayan gida suna tono, suna birgima a ƙasa, suna gulmar zakara. Abu ɗaya ne ba a cika maganarsa ba: 'yan tsaki in sun fito, diddigen Tasalla suke bi. Kaza takan gamu da su a tsakar gida ta tsaya ta ce, "Inna, waɗannan na wace ce?"

Tasalla ta ce, "Naki ne."

"Kai, sun yi wayo," in ji kazar, ta wuce abinta.

Cikin kajin akwai wata tsohuwa da ake kira Wake-wake, saboda zanen gashinta. Ba ta da abin taƙama sai gashin ƙirjinta, mai laushi da sheƙi, kullum tana gyara shi da baki. Ta daɗe da daina ƙwai, har an cire ta daga lissafi. Sai a wata damina ƙwai ya dawo mata, 'yan kaɗan, ta kuma ji a jikinta cewa su ne na ƙarshe. Ta kai wa Tasalla, aka sa a randa tare da na sauran.

Ana tsakiyar marka, wata rana da hantsi aka kece da ruwa da iska. Jinkar madafa ta jiƙe ta yi nauyi, ta rufto a kan murhu. Randa ta dare biyu, wuta ta mutu, itacen gidan duk ya sha ruwa. Da aka tsagaita, Tasalla ta tone ƙaiƙayin da hannu tana fito da abin da ya tsira. Yawancin ƙwan sun fashe. Waɗanda suka rage ta jera su a wani gurbi busasshe ƙarƙashin rumbu, ta kira kaji.

Ta ce, "Ga abin da ya saura. Ba wuta a gidan nan, sai na haye rafi na ɗebo. Kafin in dawo za su huce, in kuwa suka huce shi ke nan."

Wata budurwar kaza ta leƙa ta ce, "Allah ya kiyaye gaba, Inna. Gobe ma sai mu yi wasu." Sauran suka ce haka ne, suka watse neman tsutsar da ruwa ya fito da ita.

Wake-wake ba ta tafi ba. Ta ce, "Inna, ni ba ni da wasu. Ki sa su a zanenki mana."

Tasalla ta ce, "Taɓa ni ki ji. Jikin tsohuwa da ruwa ya doka, wa zai ɗumama? Ke ce dai kullum jikinki kamar an sauke tukunya. Hau kansu mu gani."

Wake-wake ba ta taɓa ganin an yi haka ba. Ta taka a hankali, ta buɗe fukafukai, ta zauna a kan ƙwan duka, nata da na waɗanda suka tafi. Bayan ɗan lokaci Tasalla ta zaro ɗaya ta ɗora a fatar ido. Ta girgiza kai.

"Ɗumin bai kai gare su ba. Gashin nan naki ke yake wa aiki, ba su ba. Ya tsaya tsakaninku."

Ta mayar da ƙwan, ta ɗauki kaskon ɗebo wuta, ta nufi rafi. Ba ta ga dacewar ta roƙi kaza abin da ta fi so a duniya ba.

Wake-wake ta daɗe tana kallon ƙirjinta. Sannan ta sa baki ta cizge gashi ɗaya. Da zafi. Ta cizge na biyu. Haka ta yi ta yi har fata ta bayyana, ja, ba kyan gani. Gashin da ta cire ta tura shi gefen gurbi ya tare iska, ta kwanta. Sanyin ƙwan ya ratsa ta har baya, ta daure.

Zabuwa ta zo wucewa ta gan ta, ta tsaya ta karkata kai. Ta ce, "Yaya, wa ya fige ki tun ba a yanka ki ba?"

Wake-wake ta ce, "Wuce."

"Ai in baƙi suka zo, rabin aiki kin gama musu." Zabuwa ta tafi tana ƙyaƙyata dariya, kafin azahar kowa ya ji. Kaji suka riƙa zuwa kallo bi da bi.

Tasalla kuwa tana hayewa rafi ya cika a bayanta, ya hana ta dawowa. Kwanaki suka shuɗe. Wake-wake ba ta tashi sai ta kurɓi ruwa ta tsinci 'yar tsaba ta dawo da gudu. Tana juya ƙwan da baki, yadda ta sha ganin tsohuwa na yi da hannu. Tukkunta ya koɗe, ta rame. Ba ta san ko da rai a cikinsu ba, ko baragurbi take kwance a kai. Don kaɗaici sai ta fara yi musu magana ƙasa-ƙasa, ƙut, ƙut, ƙut.

Ran da ruwa ya janye, Tasalla ta dawo da garwashi a kasko da randar aro a ka. Ta hura wuta, ta zuba sabon ƙaiƙayi, ta zo gindin rumbu ta durƙusa.

Ta ce, "Sannu da aiki, Wake-wake. Tashi ki huta, na karɓe ki."

Ta miƙa hannu. Wake-wake ta kumbura ta yi biyun girmanta, ta sare ta a bayan hannu.

Tasalla ta janye, ta dubi wurin. "Ni kika sara? Ni da na ƙyanƙyashe ki?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ban san na yi ba. Amma ki kasa kunne."

Tsohuwa ta sunkuya. Wake-wake ta ce ƙut, ƙut. Daga ƙarƙashinta, cikin ƙwan da bai ko tsage ba, wata 'yar siririyar murya ta amsa.

Wake-wake ta ce, "Tun jiya suke amsa mini. In kika kai su randa, wa za su kira?"

Tasalla ta miƙe ta kawo mata ruwa a sakaina da tsabar gero, ta ajiye inda bakinta zai kai ba sai ta tashi ba.

Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, wasu sanyin ranar farko ya riga ya kashe su. Amma waɗanda suka fito, da Tasalla ta ratsa tsakar gida ko kallon diddigenta ba su yi ba. Wake-wake suka bi, nata da waɗanda ba nata ba. Da iska ta kaɗa suka ruga suka shige ƙarƙashinta, suna leƙowa ta cikin fukafukai. Kajin da suka zo yin dariya suka tsaya suna kallo. Kafin kaka, an ga budurwar kazar nan a bayan rumbu ita kaɗai, tana cizgar ƙirjinta a ɓoye.

Dabarar randa ba ta ɓace ba. Masu haɗa kwali da fitila da kwanon ruwa su ƙyanƙyashe ƙwai a ɗaki, hanyar Tasalla suke bi, kuma tana fitar da 'yan tsaki lafiyayyu. Kaji dai ba su sake mirgina ƙwai ƙofar kowa ba. Shi ya sa har yau, kaza in kwanci ya kama ta, takan fige ƙirjinta ta haɗa fata da ƙwai, tana yi musu magana tun ba su fito ba, kuma duk hannun da ya nufo gurbinta sai ta sare shi, ko da hannun da ke ba ta tsaba ne.